Ƙananan Tabon Da Suka Ruɗe Mu

A lokacin ni tela ce a Gwarzo, na daɗe da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai yawan zubar jini da ciwon mara. Da aka yi min hoto a Kano aka ce ƙari ne a mahaifata. Na tsorata da wuƙa, amma likitar ta ce ba sai an tsaga ni ba, 'yan ƙananan huji za a yi a zura na'ura a ciro shi. Haka aka yi, ba a jima ba na koma kan kekena. Ranar sallama ta ja min kunne cewa daga waje ne kawai aikin ya yi ƙanƙanta, mahaifar kuwa yanka ta aka yi aka ɗinke. In na sami ciki kada naƙuda ta same ni a gida, aiki za a yi min.

Allah ya ba ni cikin. Da ya tsufa aka kai ni goyon ciki gidanmu a Durun, kamar kowace mai haihuwar fari. Na gaya wa Innata abin da likita ta ce, sai ta kira ungozomar da ta yanke min cibiya. Tsohuwar ta ɗaga rigata ta duba, ta yi dariya, ta ce ita ta san cikin da aka yi wa aiki, wannan ko tsagar wanzami ta fi shi tabo. Inna ta ce kada in ja a kira ni raguwa. Ni ma, gaskiya, ina son a ce na haihu da kaina bayan gorin da na sha. Sai na bar zancen, ko mijina ban sake tuna masa ba.

Naƙuda ta zo da hantsi. Ina durƙushe na ji wani abu ya ɓalle a cikina, sai jiri da sanyi. Ashe ɗinkin ne ya yage. Kafin a sami mota a kai ni asibiti yaron ya rasu. Namiji ne, ban gan shi ba, don kafin in farfaɗo an binne shi. Mahaifar ma cire ta aka yi don a ceci raina.

Ban riƙe Inna a raina ba. Su abin da suka gani da ido suka bi, ni ce na ji gargaɗin da kunnena. 'Yan'uwana mata, aikin nan ba shi da laifi, amma in an yi muku shi ku riƙe maganar likita ko da duk gida za a yi muku dariya. Ni dariyar na guda. Yanzu babu mai yi min gori, kowa tausayina yake ji, kuma wallahi wannan ya fi ciwo.