Silin Waya a Kan Fiyus

A ƙarshen layin teloli akwai wani shago mai ƙunci, inda wani mai gyaran taransifoma ya shekara ashirin da uku yana aiki. Mai Hanci ake ce masa, domin kafin ya ɗauki mita sai ya shinshina abin da aka kawo. Ba shi da fara'a, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma a wannan sana'a suna shi ne jari.

Matar yayansa tana da keken surfani na ƙasar waje mai cin wuta ɗari da goma, alhali wutar gari ta ninka haka. Shi ya naɗa mata taransifomar da ke rage wutar. Bayan wata uku, da hantsi, ta dire ta a kan teburinsa, mijinta yana biye, teloli suka leƙo.

"To, gwani na gwanaye, ga aikinka! Hayaƙi ta yi, saura ƙiris ta tafi da kekena. Ashe hancin ne kawai babba?"

Aka kwashe da dariya. Mai Hanci ya jawo ta gabansa. Ya shinshina, ya ji ƙauri. Ya kwance murfi, ya ɗora mita, ya ga naɗin ya ƙone. Sai ya zaro fiyus. Tuni ya tsinke, amma an ɗaure shi da silin waya mai kauri, murɗin bahago. Bahago kuwa ɗaya ne a gidan, wato yayansa.

Fiyus mai gadi ne. Yakan tsinke domin abin da ke bayansa ya tsira. Wanda ya ɗaure shi bai nemi dalili ba, ya toshe bakin mai ihu ne ya bar gobara.

"Yaya, ba ka da abin cewa?"

"Ni me na sani a harkar wuta? Kai dai gyara wa mutane abinsu, ka bar kallona."

Mai Hanci ya damƙe wayar a tafinsa har ta yi masa shaida, sannan ya jefa ta cikin aljihun tebur.

"Anti, jibi a aiko a ɗauka."

Kwana biyu ya yi yana ƙirga zagayen sabon naɗi, yana tsaki.

Waɗansu suna cewa ya kyauta, ya rufa wa babba asiri. Ban yarda ba. Rufin asiri na wanda ya ji kunya ne, ba na wanda ya tsaya yana kallo ana yanka ƙaninsa da wuƙar da shi ya wasa ba. Shirun nan ya bar mace tana zargin mai gaskiya, ya kuma koya wa mai laifi cewa ƙarya ba ta da tsada.

Kafin shekara ta juyo, teloli bakwai cikin tara sun kai aikinsu wani wuri. Yayan kuwa, in an tambaye shi, sai ya girgiza kai da tausayi ya ce, "Yaron nan hannunsa ya fara tsufa."