Ciyawar da Ba ta Gona Ba

Kowa a Gwadabawa ya ce ba zai yiwu ba. Cewa suka yi kamfanin shafin sada zumunta da ke ƙetaren teku ba ya jin Hausa, saboda haka ba ya sauke abin da aka rubuta da ita. Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

Maƙwabcina malamin firamare ne, Kirista daga kudancin Adamawa. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata Litinin, wani mai ɓoye suna ya ɗora hoton ƙofar gidansa a shafin sada zumunta, ya rubuta: "Ciyawa ta yi yawa a gonar nan. Juma'a akwai gayya." Kafin Laraba an jefi rufin kwanonsa sau biyu, matarsa ta ɗaure kaya. Mutane suka kai wa kamfanin ƙara ta waya, amsa ɗaya ta dawo wa kowa: zancen noma ne, bai karya doka ba.

Maƙwabcin nawa ya shigo zaurena, ya miƙo min wayarsa. "Bappa, wai noma. Ni ne ciyawan. Yarana ne ciyawan."

"Zauna, Malam," na ce. "Shekara talatin na yi ina tafinta a kotu. Na san yadda ake gurfanar da kalma."

Na ɗauki alƙalami, na rubuta wa kamfanin takarda da Turancin da aka koya mana da bulala. Na bayyana cewa gayya taron maza ne riƙe da fartanya; cewa muna tsakiyar rani, lokacin da babu mai kiran gayyar noma; cewa hoton ƙofa ce, bayanta yara huɗu suke kwana. 'Yata da ke koyarwa a Girei ta buga ta aika, tana cewa, "Baba, na'ura ce ke karantawa."

"To, a ba ta ta karanta," na ce.

Alhamis da la'asar hoton ya ɓace, aka rufe shafin mai ɓoye sunan. Na daɗe zaune ina jinjina al'amarin: takardar tsoho ta haye teku a yini guda, wani da ban taɓa gani ba ya fahimce ta. Bayan sallar Juma'a mu dattawa muka jera kujeru a ƙofar Malam. Babu wanda ya zo.

Na koyi cewa na'ura kalma take gani. Mutum ne ke ganin wanda aka nufa da ita. Ina so a rubuta ranar: Alhamis ta ƙarshe kafin azumi, ranar da matar Malam ta kwance kayanta.