Azurfa da Farar Wuta

Uwar mijin 'yata ta mai da sarƙar wuya likita, kuma ban yafe mata ba. An ce in yafe. Limamin unguwarmu ya faɗa, ƙannena sun faɗa, duk na ji. Ban yafe ba, kuma ba zan rubuta ƙarya da hannun da sai da na haura arba'in ya iya riƙe biro ba.

Yarinyar 'yar farina ce. Mu da iyayenmu suka bar bin shanu suka zauna a Tirwun, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta kuma zarya a gidan surukansa. Mahaifiyata ce ta raine ta, shi ya sa Adda take ce mini, kamar yayarta. Ta yi karatun malanta, tana koyarwa a firamare, ita ta zaɓi mijinta da kanta, wani mai sayar da taki da iri a Miri. Da biki ya matso sai na ga kowa yana da abin da zai faɗa mata ban da ni. Na ce to, zan sa mata abu a wuya.

A lokacin ina zuwa makarantar manya ta mata a Yelwa, bayan na sayar wa ɗalibai fura da nono. Ranar da babu aji na wuce kasuwar Wunti, wurin wani dattijo mai sarƙoƙi a cikin akwatin gilashi. Zinariya ba tawa ba ce, ban ma kalle ta ba. Azurfa na sani, a cikinta na buɗe ido, a hannun mahaifiyata da kunnenta.

“Hajiya, ga mai kauri nan, ita ta dace da wuyanki.”

“Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini. Kuma ba wuyana ba ne.”

“To wuyan wa?”

“Wata yarinya.”

Ya dube ni ya yi dariya. “Wata yarinya! Ku Fulani dai. 'Yar fari ce ke nan.”

Ya baje mini su a kan baƙin ƙyalle. Akwai mai murɗi kamar igiya, akwai mai faɗi sumul, akwai kuma wadda ya ce mini 'yar akwati ake ce mata. Na ɗaga ta a rana. Ƙananan akwatuna ne masu gefe huɗu, kowanne ya shiga cikin na kusa da shi, ba su kai ƙwayar gero ba. Na ja ta a tsakanin yatsuna a hankali, ba inda ta karce ni. Na goga ta a bakin mayafina, ba ta kama zare ba. Na buɗe maƙullin na rufe, na sake buɗewa, har ya ce in bar masa kayansa da rai. Ya kawo mayen ƙarfe ya kara mata, ba ta motsa ba. A jikin maƙullin akwai lambobi ƙanana ƙwarai, ya miƙo hannu zai karanta mini, na ce ya bari. Tara, biyu, biyar. Ya ce alamar azurfar gaske ke nan, wadda aka ɗan haɗa da jan ƙarfe don ta yi ƙwari.

Kafin ya naɗe ta ya yi mini karatu. A cire ta kafin wanka. Kada a fesa mata turare. A goge da tsumma mai laushi, in ta dushe a sa ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, a bi ramukan da tsohon buroshin haƙori. Kada a ja ta, domin in akwati ɗaya ya buɗe baki sauran za su bi. Na haddace duka, na bai wa ƙanwata sarƙar da saƙon, ita ta sa mata a wuya ranar kai amarya. Ni ina ɗaki ina jin guɗa.

A shekara ta biyu ƙanwata ta fara kawo mini labari gutsi-gutsi. Ƙafafun yarinyar sun kumbura. Fuskarta tana cika da safe. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, har ta daina zuwa makaranta. Ina tambaya an kai ta asibiti, ana ce mini ana magani. Na aika da man shanu, na aika da zuma. Damina ta wuce ina aike. Da aka fara yankan dawa ƙanwata ta ce mini fitsarin yarinyar ya ragu ƙwarai, sai na ɗaura mayafi na hau babur zuwa Miri.

Gidan cike yake da zangarniyar dawa, an shanya ta har bakin ɗakuna. Uwar mijin, wadda kowa ke ce wa Iya, ta tarbe ni da tabarma da ruwa. Ba muguwar mace ba ce a fuska, kuma a bakinta kullum 'yata ce take cewa. Bayan gaisuwa ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramar tasa, tana murmushi kamar mai albishir.

“Uwar amarya, ai ke kika kawo mana maganin ba ki sani ba. Duba nan.”

Sarƙar ce a ciki. Ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

“Azurfa ba ta ɓoye ciwo,” in ji ta. “Dafin da ke jikinta take zuƙewa. Kullum in wanke ta tas da toka da rairayi da lemun tsami, in mayar mata, kafin gobe ta sake cika. Kin ga abin da ke fita daga jikin yarinyar nan? Da yana ciki da tuni an yi wani zancen.”

Ta zauna a gabana ta fara dirza. Tana naɗe sarƙar a yatsa tana ja, rairayi yana ƙara a cikin ramukan. A wuri biyu akwatunan sun riga sun miƙe sun zama dogaye, a wuri ɗaya ta tsinke an ɗaure da baƙin zare. Wani wari ne ya dame ni, tun daga zaure nake jinsa, kuma na san shi.

“Iya, me kuke shafa mata?”

“Na ƙaiƙayin? Farar wuta ce a man kaɗanya. Safe da yamma, har wuya har baya.”

Ina ƙarama, in ƙazuwa ta kama 'yan maruƙa, da wannan haɗin ake shafe su. Mahaifiyata kan zare awarwaronta ta ba ni in riƙe kafin ta sa hannu a ciki. Ranar da ta manta, sai da ta yi kwanaki tana gogewa. Kowace 'yar rugga ta san farar wuta da azurfa ba sa zama wuri ɗaya.

Na faɗa wa Iya haka, a hankali da farko. Na ce ba ciwo ne a jikin sarƙar ba, man ne. Ta ce ikon Allah, ashe makarantar tsofaffi har likitanci ake koyarwa. Matan gidan suka yi dariya a bayan turmi. Na ce a kawo mini man. Na zare zoben azurfar da ke hannuna, na shafe shi, na ajiye a kan murfin kwano a tsakar gida inda kowa ke gani. Muka yi azahar. Aka kawo tuwo, ban ci ba. Kafin la'asar zoben ya dushe, gefensa ya fara duhu.

“Ga shi nan,” na ce. “Zobena ne, lafiyata ƙalau. Wane dafi ya zuƙa a kan murfin kwano?”

Iya ta ɗauka ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Na ɗauka magana ta ƙare.

“Allah ya sawwaƙe,” in ji ta. “Ashe daga gidanku ne abin. A jini yake. Ke ma ki nemi magani tun da wuri, uwar amarya.”

Na tashi tsaye. Na ce mata abubuwan da ba a faɗa wa suruka, ban kuma janye ko ɗaya ba har yau. Na ce ta mai da 'yar mutane maraƙi. Na ce in sarƙa ce ke warkarwa a rataya wa duk majinyatan Bauchi a rufe asibitoci. Ta ce gidanta ne, matar ɗanta ce, kuma ita ta haifi tara ba ta taɓa kwana a gadon asibiti ba.

Hayaniyar ce ta shigo da mijin daga shago. Ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, yana wasa da makullin babur.

“Mama, a yi haƙuri. Ba ƙi muka yi ba. An ce irin wannan in aka yi allura komawa ciki yake. Iya ta ce a bari ya ƙara fitowa tukuna.”

“Har yaushe?”

“Har sarƙar ta daina baƙi.”

“Kuna shafa man?”

“Ai ƙaiƙayin bai daina ba, Mama.”

Na dube shi. Mutum ne mai sayar da taki, ya san abin da ke ƙona ganye da abin da ba ya ƙonawa. Bai ɗago ba.

Sai a lokacin na shiga ɗakin yarinyar. Tana kishingiɗe, ƙafafun a kan matashi, fatar ta yi sheƙi kamar za ta fashe. Hannayenta duk sawun farce. An riga an mayar mata da sarƙar, ta yi fari-fari na wahala, ƙullin zaren yana daidai maƙogwaronta. Na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

“Sannu.”

“Yauwa, Adda. Kin sha hanya.”

“Kin ji abin da aka yi a waje?”

“Na ji.”

“Ke fa malama ce.”

Ta sa yatsa a cikin sarƙar tana juya ta. Numfashinta gajere ne, sai ta huta a tsakiyar magana.

“Na san man ne, Adda. Tun makon farko na sani. Wata rana na hana a shafa mini a wuya, washegari ba ta yi baƙi ba, Iya ta ce ciwon ya ɓuya, aka ƙara mini jiƙo.” Ta yi ɗan murmushi. “To in na ce na sani, sai me? Ni zan ɗauki kaina? Ko bayan gida sai an riƙe ni. Gara in duba ta da safe in ga baƙin, in ce wataƙila.”

Ban taɓa ta ba. Hannuna yana kan cinyata, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, irin abin da maƙwabciya za ta ce, na fito.

A Tirwun na bi ta gidan babban ƙanena, tunda mahaifin yarinyar ya rasu. Yana alwalar magariba na faɗa masa komai. Ya ce matar mutane ce, ba a shiga gida a ɗauko ta kamar akuya. Ya ce in na yi haka na kashe mata aure, kuma duk dangi za su ce wace irin uwa ce ba ta da kunyar ɗan fari. Ya ce zai nemi manya su je su yi magana bayan an gama girbi. Na tambaye shi ko ya ga ƙafafun. Ya ce bai kamata ya gani ba.

Na zauna a tsakar gidana ina duban zoben. Na sha zama a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, na sha dariyar masu keke in sun gan ni da allo da littafi, a zatona in mutum ya san abu ya kuma nuna shi a fili, shi ke nan. Na nuna a fili, a kan murfin kwano, da rana tsaka. Ba wanda ya ce ƙarya na yi. Mijin ya sani, yarinyar ta sani, ina jin ita ma Iya ta sani a lokacin da ta daɗe tana juya zoben. Kowa ya sani, kuma gobe da safe za a sake kawo toka da rairayi.

Daga baya likita ya tambaye ni ina muke duk wannan lokaci. Ya ce watannin da suka wuce su ne waɗanda ƙodarta ke da sauran abin da za a ceta. Na ce masa muna wanke sarƙa. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Amma wannan daga baya ne, a ranar ban san ko sunan ciwon ba.

Da gari ya waye ban dama fura ba. Na je bakin titi na tsayar da mai keke-napep, na ce Miri za mu, zai jira ni a ƙofar gida kada ya kashe inji. Na shimfiɗa bargo a kujerar baya. Da muka isa na yi sallama sau ɗaya ban jira amsa ba. Iya tana tsugune da tasarta, ta miƙe tana cewa lafiya, uwar amarya, lafiya? Na wuce ta. Na shiga ɗakin, na yafa wa yarinyar mayafina, na sa hannunta a kan wuyana na ɗaga. Ta fi yadda na zata nauyi, ruwa ne duk jikin.

“Adda, mutane suna kallo.”

“Su kalla. Taka a hankali.”

Muka bi ta tsakiyar dawar da aka shanya, tana jan ƙafa ina riƙe da ƙugunta, Iya tana bayanmu tana kiran ɗanta. Na kwantar da ita a keken, na ɗora kanta a cinyata, na ce wa mai keke asibiti.