Fitilar Rijiya da Duron Wake

Na haura shekara arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwandu. Bayan La'asar muke zama, a wata firamare, bisa bencin da bai kai gwiwata ba. Malaminmu ya girme ni da haƙuri, ni na girme shi da shekaru. A wayarsa akwai na'urar nan da rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum. Duk ranar Laraba ɗayanmu ke kawo tambaya, malam ya rubuta amsar a allo, mu kwafa.

Da layi ya zo kaina, tambayata a shirye take. Yayana manomin wake ne a gefen Kalgo. Kowace kaka yakan cusa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhuna, kuma a shekarar da ta wuce mutanen gidansa sun kwanta da ciwon ciki bayan sun ci waken. Sai na ce a tambaya mini ko akwai hanyar ajiye wake ba magani.

Na'urar ta ce akwai. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba a mazubin da iska ba ta shiga, a cika shi, a rufe. Ƙwaro yana numfashi kamar kowane mai rai, in ya cinye abin da yake bukata a cikin iskar sai ya mutu. Kada a buɗe sai an yi makonni. Malam bai tsaya nan ba, ya tambayi wani malamin gona, shi ma ya ce haka ne. Kwana uku na yi ina kwafar amsar, harafi bayan harafi.

Ranar kasuwa na hau mashin zuwa Kalgo. Na sami Yaya a zaure, muka gaisa, na zaro takardata na karanta masa a tsanake. Ya saurara har ƙarshe yana sakace haƙori.

"To, malamin boko," ya ce, "ƙwaro na numfashi? Ina hancin nashi?"

"Haka aka rubuta, Yaya."

"Wa ya rubuta? Wayar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba?"

Ban yi gardama ba. Na naɗe takardar na sa a aljihu, muka shiga zancen farashin taki. Can na tuna cewa Yaya ya yi haƙar rijiya a ƙuruciyarsa, ni kuma nake riƙe masa igiya.

Na ce, "Yaya, in za ka shiga tsohuwar rijiya, me kake fara zurawa?"

"Fitila."

"In ta mutu fa?"

"Ba mai shiga. Iskar ciki ta mutu, mutum na sauka sai gawarshi."

"To duron ƙarfe in an toshe bakinsa, ai tsohuwar rijiya ce. Ƙwaron ne ya sauka."

Daga baya ya ce zai ba ni duro ɗaya, rabin abin da ya noma ke nan, in ya lalace kuwa, kada in ƙara kawo masa takarda gida. Muka shanya wake, muka cika duro har baki, muka ɗaure murfin da robar tsohuwar taya. Na jaddada masa cewa kada a buɗe. Ya ce ya ji.

Bayan wata biyu ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Taho ka ga rijiyarka. Ƙwari har sun yi jikoki."

Na je. Gaskiya ya faɗa, wake ya fara huhhujewa, ƙwari na yawo a bakin duro. Yaya ya riga ya sayo ƙwayar magani, tana nan a leda bisa taga. Na duba duron ban ga huda ba. Amma ƙullin robar ba irin nawa ba ne.

Na leƙa cikin gida na yi sallama. Matar Yaya na tankaɗe a tsakar gida. Tun tana amarya muke wasa da ita.

"Mijina na boko, yau an tuna da mu?"

"An tuna. Wa ke kwance mini roba?"

"Ni mana. Duk Juma'a nake ɗibar kwano biyu, in yi ƙosan sadaka, in aika wa maƙwabta. Ina mayar da murfin yadda na same shi. An ce kada a sa magani, ba wanda ya ce mini kada a yi sadaka."

Nan na gane inda na yi kuskure. Na zauna a zaure na yi wa mai gona bayani, na manta mai riƙe da kwanon awo. Na'urar ta faɗi gaskiya, amma ba ta san cewa a gidan Yaya Juma'a ba ta wucewa ba a ɗebi wake ba. Ni na sani, ban kawo shi a raina ba.

Na jawo turmi na zauna. Ita ba ta taɓa shiga rijiya ba, don haka na ɗauko zancen murhu.

"In kika kife tukunya bisa garwashi, me ke faruwa?"

"Ya mutu."

"In kina ɗaga tukunyar kina leƙawa fa?"

Ta tsaya da tankaɗen. "Au, ashe ni ke hura masu wuta."

Ita ce ta kawo shawarar jarkoki. Ta ce a raba waken a jarkokin man gyaɗa, a wanke su su bushe, ɗaya ta zama ta Juma'a, sauran ba mai taɓawa sai wadda aka buɗe ta ƙare. Na roƙi Yaya ya ba ni wannan karon kawai. Ya dubi ledar maganin, ya dube ni, ya ce albarkacin matarsa ne, ba albarkacin takardata ba.

Muka sake shanya waken a rana mai zafi, muka tankaɗe, muka tsince. Muka cika jarkoki, muka sa leda a ƙarƙashin kowane murfi. Da hannuna na rubuta sunan watan da za a buɗe kowacce. Matar Yaya ba ta iya karatu ba, sai na ƙara zane, layi ɗaya a ta farko, biyu a ta biyu.

Gab da saukar damina aka zo kan jarka ta ƙarshe, suka jira sai da na zo. Ita ta murɗe murfin, ta zazzage a faifai. Wake fes, sai 'yan matattun ƙwari a ƙasa. Yaya ya damƙo, ya shinshina, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori. Sannan ya miƙa hannu bisa taga ya ɗauko ledar maganin, ta yi ƙura, ya ba ni.

"Tunda ka iya karatu, duba mini jikinta. Yaya ake zubar da abin ga ba tare da ya kashe mini kaji ba?"

Na karɓa, na juya ta wajen haske, na fara haɗa haruffa.