Giwan Ruwa a Ƙofar Gidanmu

Da kakar bana yayana Manu ya cika shekara tara da rasuwa. Ranar da aka raba gadonsa ba a sha wahalar lissafi ba: jirgin katako ɗaya, tsohon inji, ƙwarya cike da ƙugiyoyi, gida, da gonar dawa. Akwai abu na shida da malamin rabon gado bai gani ba, domin ba ya hawa sikeli. Gari ne sukutum a ƙarƙashin ruwa, da kasuwarsa da marinarsa da masallacinsa, wanda Yaya Manu ya riƙe a kansa, kafin ya mutu kuma ya juye shi a kan ɗansa Sanusi. A kan wannan abu na shida dangina suke kirana marowaci, mai baƙin ciki da maraya. Na gaji da ba da amsa ta waya, mutum ɗaya bayan ɗaya. Bari in ba da ita a nan, kowa ya karanta.

Ni dillalin kifi ne a Jidda. Na zo garin nan ina saurayi, na fara da dakon ƙanƙara a kusa da tashar jiragen ruwa, yau ina kai kifi gidajen abinci daga Ammariyya har Aziziyya. Na san kifin teku kamar tafin hannuna, amma ban taɓa kama ko ɗaya ba. Yaya Manu shi ne masuncin gidanmu. Lokacin da aka datse kogi aka yi dam, ruwa ya cinye garinmu, aka kwashe mu zuwa kan tudu. Ni ina goye a bayan mahaifiyarmu, shi kuwa ya isa kiwo da aike, ya riga ya taka kowane lungu da ƙafarsa. Mutane suka yi kuka suka haƙura. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya a kan tudu yana kallon yadda ruwa ke hawa, yana auna inda kowane gida ya nutse da kukar da ke kan dutsen yamma da tsagin dutsen da ke ƙetare.

Sai bayan shekaru aka gane amfanin wannan tsayuwa. Ginin ƙasa ya narke ya zama tuddai a ƙasan ruwa, amma duwatsun ganuwa suna nan, ramukan marina suna nan, kututturen tsamiyar kasuwa suna nan, ginshiƙan giginya na masallaci ma ba su ruɓe ba. Giwan ruwa kuwa ɗan kwanton ɓauna ne. Ba ya son fili, yana son inda zai laɓe. Masunta ɗari suna yawo a saman dam suna jefa ƙugiya a kan sa'a, Yaya Manu yana tafiya kai tsaye kamar mai zuwa gaisuwa gidan da ya sani.

Duk shekara kaka yake jira. Da damina ruwa ja ne kamar kunun kanwa, yana hawa kullum, kifi ya watsu cikin gonakin da ambaliya ta shanye, ba ka san inda za ka same shi ba. In ruwan sama ya ɗauke, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai dam ya tsaya. Laka ta kwanta, ruwa ya washe ya koma kalar shayi marar madara, samansa ya yi sanyi da safe. A lokacin ne warangi, ƙananan kifin nan masu sheƙi, suke taruwa garke-garke, giwan ruwa kuma ya taso daga zurfi ya bi su yana tara kitse kafin sanyi ya shigo. 'Yan makonni ne kawai. Wanda ya makara sai baɗi.

Na shiga jirginsa sau da yawa kafin in bar gida, har yau ina iya jin faɗansa. Ba a kallon ruwa, tsuntsaye ake kallo. In ka ga sun taru wuri ɗaya suna faɗawa suna tashi, to akwai mai koro warangi daga ƙasa. Amma ba a nufar tsuntsayen da inji. Tun daga nesa zai kashe shi, ya ɗauki filafili, ya zagaya ta inda iska ke busowa, ya bar ta ta tura jirgin a hankali. Ba a buga ƙafa a jirgi, ba a ajiye kwano da ƙarfi. Kotonsa ƙaramar ƙarfasa ce mai rai, wadda ya ajiye a kwando cikin ruwa tun jiya. Yana soka ƙugiya ta bayanta, ƙasa da ƙaya kaɗan, don ta ci gaba da iyo. Ya auna igiya da gaba, ya ɗaura ɗan dutse, ya sauke ta daidai saman bangon da ya nutse, ba cikinsa ba. Da hantsi ya ɗaga sai ya ƙara zurfi, domin kifin yana gudun rana. Da la'asar ya rage. In babba ya kama, ba ya ja da shi. Ƙarshen igiyar a ɗaure yake da gora, sai ya jefa gorar a ruwa ya bi ta da filafili har kifin ya gaji. Yakan ce wanda ya yi kokawa da giwan ruwa a minti na farko, ko igiya ta tsinke ko yatsa.

Sau ɗaya ya zo Jidda, da Umara. Na sauke shi a ɗakina a Ammariyya, na kai shi kasuwar kifi ya ga gwanjo, ya ga najil da hamur, manyan kifayen teku, jibge a kan ƙanƙara. Na ce masa kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya yarda, ya zauna mu haɗa hannu, ido irin nasa a kan kifi ba a samunsa da kuɗi. Ya ɗaga kumatun wani hamur ya duba, ya sunsuna yatsansa.

"Bawa, tekun nan naku yaushe yake cika?"

Na ce ba ya cika, ba ya raguwa, haka yake.

"To me zan jira a nan?"

Kwanakinsa ba su ƙare ba ya sa na canja masa tikiti, wai an ce masa ruwan sama ya fara ɗaukewa a gida. Na ji haushi a lokacin. Na ce masa kowa na neman hanyar shigowa, shi yana neman ta fita. Ya ce ai shi ya sa ƙofar fita ba cunkoso.

Ba ruwa ne ya ci shi ba, ina so a san wannan, domin na ji masu cewa haka. A kan gadonsa ya rasu bayan jinya, Allah ya jiƙansa.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga kwatar da ya sani ta cika da taru mai ido kamar gidan sauro, ana jan sa daga gaɓa ana kwashe warangi da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Zai ga masu zuba guba a bakin rafuka. Zai ga kifi ya ragu, wannan ba ƙarya ba ne, ba zan kuma yi wa kowa ado ba. Zai ga samarin da ya koya wa ɗaurin ƙugiya sun watse, wasu suna acaɓa, wasu suna nan Jidda suna wanke motoci. Ba na jin zai zauna yana kuka da zamani, domin shi ne farkon wanda ya sa wa jirgi inji a kwatarmu, ana yi masa dariya. Da ya ga na'urar nan mai nuna ƙasan ruwa da sai ya saya, ya yi mata faɗa, ya yi aiki da ita. Abin da ba zai yafe ba shi ne mutum ya cinye irin shuka sannan ya ce gona ta mutu.

Ga inda rigimar ta taso. Matar marigayin, Yaya Kulu, ta kira ni ta ce in yi wa Sanusi hanya ya zo Jidda. Ba na ganin laifinta. Sanusi magidanci ne, da mata da 'ya'ya, kuma akwai watannin da ruwa ba ya ba shi ko na cefane. Ta ga gidajen da 'ya'yansu ke aiko da kuɗi duk wata sun yi rufin kwano. Ta ji kuma cewa kafilina ba zai ƙi ba, gaskiya ne, da na tambaya da ya ce halas, an gama. Ni kaina ina bukatar mutum nawa a shago, wanda zan bar wa makulli in yi barci.

Na kira Sanusi na tambaye shi kai tsaye, yana so ya zo? Ya ce, "Baffa, in Inna ta ce in tafi, zan tafi."

Shekara talatin da wani abu ina ciniki. Na san muryar mai son sayarwa, na san muryar wanda aka tura kasuwa da kayan da ba ya son rabuwa da su. Bai roƙe ni komai ba, bai kuma ce uwarsa ta yi kuskure ba, kada wani ya ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ni na yanke. Na kira Yaya Kulu na ce ba zan yi ba.

Ta ce, "Bawa, ashe rijiya za ta bayar guga ya hana?"

Na ce, "Yaya, na yarda ni ne gugan."

Masu zagina ba su san abin da suke nema masa ba, ni na sani, domin ta nan na biyo. Zai zo ya ɗauki ƙanƙara a ka, ya kwana cikin mutum shida a ɗaki, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a hannun wani, ana ce masa yalla, yi sauri, daga asuba har dare. Irinsa dubu ne a garin nan, in ya faɗi gobe a kawo wani. Ni na yi sa'a na fita daga layin, da yawa waɗanda muka fara tare sun koma gida da ciwon baya kawai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A can kuwa Sanusi mutum ɗaya ne tak. Tsofaffin da suka taka tsohon gari da ƙafa sun kusa ƙarewa, kuma babu wanda ya auna shi daga sama kamar ubansa. In ya baro dam shekara biyar, ruwa ya ci garinmu a karo na biyu, wannan karon ba gwamnati ce ta datse kogi ba, ni ne da takardar biza. Abin da na iya na yi: na sauya masa inji, na haɗa shi da mai motar sanyi da ke sayen babban kifi ɗanye, don ya daina zubar da shi ga masu banda a kan rabin daraja. Wannan sana'ata ce, nan hannuna ya kai.

Kakar bara na je gida. Yaya Kulu ta amsa sallamata daga cikin ɗaki ba ta fito ba. Washegari bayan asuba Sanusi ya ɗauke ni a jirgin ubansa. Muna cikin tafiya ya nuna min tsuntsaye da haɓa, ya kashe inji, ya ɗauki filafili. Na motsa ƙafata ta bugi kwano, ya kalle ni da idon da na sani tun ina yaro. Ya waiga ya daidaita kuka da tsagin dutse.

"Baffa, yanzu muna bisa kasuwa," ya ce a hankali. "Ga marina ta hannun dama."

Ya sauke ƙugiya, ba a daɗe ba igiya ta miƙe, ya jefa gora. Muka bi ta tana nutso tana tasowa, har ta tsaya cik wuri ɗaya. Ya ja, ya saki, ya sake ja, sai igiyar ta taho fayau babu komai. Na ce kai, wannan babba ne, na fara faɗin abin da zai yi a kasuwa. Ya yi dariya.

"Ya shiga masallaci. Baba ya ce wanda ya shiga masallaci an bar shi."

Ginshiƙan giginya ne suke yanke igiya, na sani, shi ma ya sani. Ya ɗaura sabuwar ƙugiya, ya tura jirgin gaba kaɗan, ya ƙara wa igiya tsawo don rana ta ɗaga. Sannan ya miƙo min ita.

"Riƙe. Nan ne zauren Kaka. A ɗakin da ke bayansa aka haife ka."

Na leƙa. Ruwa ne kalar shayi, ban ga komai ba sai fuskar wani tsoho da ya yi furfura a ƙasar mutane. Ban taɓa sanin inda aka binne cibiyata ba sai ranar. Igiyar ta motsa a hannuna, na manta duk faɗan Yaya Manu na fara ja, Sanusi ya fizge gorar ya jefa. Da muka ɗago shi, matsakaici ne, ba abin a buga ganga ba. Shi ne kifi na farko da na kama a rayuwata, a ƙofar gidanmu.

Yaya Kulu ta dafa shi da yamma. Ita ta kawo kwanon da kanta, ta dire a gabana.

"Ci. Ba don halinka ba."

Na cinye tas.

Ga lissafin, tunda lissafi ne aikina. Na yi asarar amintaccen hannu a shago, har yau ni ke rufewa ni ke buɗewa. Na yi asarar sunan kirki a wajen rabin dangi, kuma Yaya Kulu sai ta ga dama take ɗaukar wayata. Sanusi bai yi arziki ba, ban kuma yi alkawarin zai yi ba. Mai yiwuwa taru da guba su ƙarasa dam ɗin, ranar nan a ce ina wanda ya hana yaro tafiya, zan kuma tsaya in amsa. A ɗaya gefen sikeli, shekaranjiya ya kira ni ya ce ruwa ya tsaya, tsuntsaye sun fara taruwa a bisa marina. Shekara tara bayan Yaya Manu, ana faɗin sunan unguwannin garin da ruwa ya ci tun ina goye, ana kuma cin abinci daga cikinsu. Na sha sayen kaya na yi nadama. Wannan cinikin, in aka dawo min da shi gobe, a kan farashin nan zan sake ɗauka.