Sallamar Kawu Isiyaku a Ƙofar Bene

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kawuna Isiyaku. Na sha faɗa wa mutanen unguwar Alsawra cewa duk birnin Omdurman babu jagoran baƙi da ya kai ni zuciya, ko kada ya fito daga Nilu sai na nuna masa ɗakuna.

Kawu ne ya fara aikin a gidan wani attajirin da, mai bene da ƙaton fili cike da bishiyar dabino. Yana zagayawa da baƙi, yana nuna musu rijiya da gadajen igiya da tulunan da ba a taɓa matsar da su ba. In ya iso ɗakin marigayiya uwargida a sama, sai ya tsaya, ya tafa hannu, ya yi sallama. Sai ya yi shiru, kansa a karkace, kamar mai sauraron amsa. Ni na ɗauka dabarar tsorata Turawa ce.

Yana jinya ya riƙe hannuna. Magada sun ce ranar da aka rasa mai zagayawa da baƙi za su rufe gidan, shi kuwa ba ya so a rufe. Na yi masa alkawari.

Na riƙe alkawarin, amma na yar da sallamar. Wata rana bayan la'asar, da baƙi a bayana, na tura ƙofar ɗakin kai tsaye. Ta ƙi motsi, ga shi ba ta da sakata. Sai muka ji tafi daga ciki, a hankali, irin na Kawu. Baƙin suka yi dariya, sun zaci shiri ne.  Da ƙyar na yi sallama, ƙofa ta buɗe da kanta.

Yanzu baƙi suna shiga da waya a sama, babu mai kallon ɗaki da idonsa. Ban san me Kawu zai ce ba. Watakila ya sa wayoyin ma su yi sallama. Gidan dai a buɗe yake, kuma ban sake tsallake tafin ba.

Na ba Hajja Zainaba mai shayi a bakin ƙofa labarin, na ƙara da cewa yanzu masu gidan sun san ni.

Ta ci gaba da fifita gawayinta. "Sun san ka, ɗana," in ji ta. "Kawunka suna amsa masa. Kai haƙuri kawai suke yi da kai."