Hammawa da Sojan da Aka Rufe wa Fuska

Duk garin Fulatan babu wanda bai san Malam Hammawa ba, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa yin doguwar hira da shi. Dogo ne, siriri, mai tsadar magana. In ka gaishe shi zai amsa maka har da tambayar iyali da dabbobi, daga nan sai ya ja bakinsa ya tsuke. A ruga ya tashi yana bin shanun mahaifinsa, har gonaki suka cinye burtali, kiwo ya koma rigima. Sai ya rage garken, ya rungumi noman masara da dawa. Abin da kiwo ya bar masa shi ne ido. Tun daga nesa yakan gane saniya da tafiyarta, haka ma mutum.

Mu'az ne ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da kuwa, Hammawa da matarsa Bara'atu sun riƙe ta gam. Ba su taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". A ɗakin kakarsa ya girma. Ranar da ya zo ya durƙusa ya ce an ɗauke shi aikin soja, Hammawa yana tufkar igiya, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Allah ya tsare." Yaran yanzu sai su ce rashin ƙauna ne. Ina suka sani! Mutumin nan a bayan gari ya yini ran nan, don kada a ga idonsa.

Aka tura Mu'az daji, can inda ake fafatawa da 'yan bindiga. Da farko yakan kira ƙannensa, iyayen su yi kamar ba su ji ba, alhali kunnuwansu na wurin. Daga baya kira ya ɗauke. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka yi Sallah, shiru kake ji. Wanda aka tura bariki ya dawo da amsar cewa a yi haƙuri, babu sabis a inda suke. Ko yana raye ko ba ya raye, wannan ne abin da ke cin Hammawa, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Bara'atu ta daina cin abinci. Suna gida ɗaya, damuwarsu ɗaya, amma kowa na cin tasa shi kaɗai.

Ana nan sai wani bidiyo ya shigo wayoyin gari. Wani ɗan jarida ne ɗan Ƙaraye, Nuruddeen, sojoji suka yarda ya bi su fagen daga, ya ci abin da suke ci, ya kwanta inda suke kwanciya, bisa sharaɗin ba zai nuna fuska ba, ba zai faɗi suna ko wuri ba. Saboda haka duk fuskokin an dusashe su. A tsakiyar bidiyon wani dogon soja ya gifta ɗauke da jarkar ruwa, ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya wuce.

Nan take gari ya ɗauka. "Wallahi Mu'az ne! Ku dubi tsawon!" Aka yi ta zuwa barka. Bayan sallar azahar aka miƙa wa Hammawa waya a ƙofar masallaci. Kallo ɗaya ya yi. Mu'az da gefen ƙafa yake takawa, irin na wanda ya girma yana kauce wa ƙaya. Wannan kuwa watsa ƙafa yake yi kamar wanda ya saba da kwalta. Hammawa ya mayar da wayar, ya ce, "Alhamdu lillahi."

To me zai ce? Ya ga Bara'atu ta fara taɓa tuwo. An tura mata bidiyon a 'yar wayarta, da rana in gida ya yi tsit yakan jiyo sautinsa daga ɗakinta, tana maimaitawa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, kowa na murna, shi yana amsa barkar ɗan wani.

Da ya ji labarin ɗan jaridar ya dawo gida hutu, sai ya ce zai je neman maganin shanu, ya hau acaɓa sai Ƙaraye. Ya same shi a zauren gidansu, ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Saurayi ne, amma idonsa ya tsufa. Suna cikin gaisawa wani babur ya yi ƙara a waje, Nuruddeen ya zabura, sannan ya yi murmushin kunya.

"Baba, a kan bidiyon nan ne, ko? Mai jarkar ruwa?"

"Shi ne."

Nuruddeen ya sauke numfashi. "An kira ni daga Bauci, an kira ni daga Gusau, har daga Neja. Kowa cewa yake ɗansa ne. Na kasa ce wa kowa a'a."

"Ni na san ba nawa ba ne," in ji Hammawa. "Na zo ne in ji ko ka ga nawan."

Saurayin ya dube shi da kyau. Ya ce yaƙin nan ba kamar yadda ake zato ba ne. Yawancinsa jira ne, a cikin rami, a rana, da ƙishirwa. Harbin kansa ba ya daɗewa, sai dai bayansa a duba a ga wa ya rage. Hirarsu duk ta gida ce, tuwon iyayensu mata da gonakin da suka baro. Kuma kowa da laƙabi ake kiransa, amma wasu sun faɗa masa sunayensu na yanka.

"Mene ne sunansa, Baba?"

Hammawa ya sunkuyar da kai. Tun ranar da aka raɗa sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Mu'az," ya ce, kamar mai tsoron kada a ji.

Nuruddeen ya yi tunani, sannan ya girgiza kai. "Ban haɗu da shi ba. Amma sansanonin da yawa, Baba, ni a guda ɗaya kawai na zauna. Wallahi ban san komai ba, ba zan yi maka ƙarya ba."

Hammawa ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya fito.

A hanya ya yanke shawarar faɗa mata gaskiya. Ya iso bayan la'asar, ya tarar da ita a kan tabarma a tsakar gida, wayar na cinyarta. Ta yi masa sannu da zuwa. Ya tsaya a kanta, ya rasa ta inda zai fara.

"Bara'atu, wannan hoton da kike kallo..."

"Na sani, Malam." Ba ta ɗago ba. "Tun ranar farko na sani. Kafaɗunsa ba haka suke ba."

"To, me ya sa?"

"Ka bar mini shi. Wancan, tun yana zanen goyo ban taɓa kallonsa na ƙoshi ba. Wannan kuwa ɗan wata ne, babu mai ganin laifina."

Hammawa ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmar. Bara'atu ta karkato wayar yadda shi ma zai gani, ta mayar da bidiyon farko.